Baffa da Shafukan Mutanen Briketeri

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Wanda ya ba mu aron Baffa, yayan mahaifina, ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, ana tafka ruwan sama kamar ba za a ɗauke ba. Kafin maza su dawo daga maƙabarta jar laka ta cika zaure, takalma sun taru a bakin ƙofa har mutum ba ya gane nasa.

Ni ina cikin gida tare da mata, amma abin da ya raba mu da rumfar maza kwano ne kawai, ana jin komai. Mahautan unguwar Etudi ta nan Yawunde sun zo a kan babura, jiƙe sharkaf. 'Yan kasuwar Mokolo sun rufe shagunansu sun zo. Na ji wani tsohon mahauci yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam. Mutumin nan ya zaunar da ni tun azahar har la'asar yana tambayata sunan kakata. 'Ya'yan da na haifa ba su taɓa yi mini wannan tambayar ba." Aka ce amin. Sai wani can gefe ya yi ƙasa da murya ya ce, "To, an dai huta da tone-tone." Babu wanda ya tanka masa. Babu kuma wanda ya ce ya yi ƙarya.

Maƙwabciyarmu Kirista, wadda ta daɗe tana soya fanke a bakin layi, ta shigo da baƙin zane, ta zube gaban Inna, matar Baffa, tana kuka tana faɗi da Faransanci wai tsoho ya tafi da unguwarmu ta Briketeri gaba ɗaya a cikin kansa. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dube ni ta ce, "Je ki lulluɓe mashin ɗin rubutunsa, rufin ɗakin yana yoyo."

Ina fitowa daga ɗakin wata tsohuwa da ban san ta sosai ba ta riƙe mini hannu. Idonta ɗaya ya yi fari. Ta ce, "Ke ce 'yar da ke taya shi bugawa? Ya gama nawa kuwa? Ya ce mini zai dawo Lahadi in ƙarasa masa labarin mijina." Na ce zan duba, Iya. Bayan an watse na duba. Fayil ɗinta yana nan, da sunanta a sama, da sunan garin da iyayenta suka fito. Ƙasa da haka babu komai. Sauran yana kansa, bai kai ga rubutawa ba.

Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu ke nan. Mutumin da ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana hana a manta da mutane, ina gani da idona an fara mantawa da shi tun tabarmin makoki ba su bushe ba.

Baffa ma'aikacin maɗaba'a ne tun zamanin da ake jera harufan dalma da hannu. Yana karanta Faransanci, yana karanta boko, yana karanta ajami. Da injina suka canza aka sallame su, ya dawo gida da yatsu masu baƙin da sabulu bai taɓa fitarwa ba. Ni kuwa ina koyar da ordinatar, wato kwamfuta, a wata makarantar kuɗi. Sunan kakata, mahaifiyarsu shi da mahaifina, aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko ina goye.

Shekarar da aka shafa jan fenti a bangon gidajen da ke gangaren rafi, aka zo da katafila aka rushe su, Baffa ya tsaya ya kalla daga farko har ƙarshe. A cikinsu akwai zauren da ya yi karatun allo. Mutanen gidajen suka watse, wasu Ekudu, wasu Etudi, wasu suka koma arewa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya aika a kira ni. Na same shi a kan buzu, da wata tsohuwar ordinatar da ɗansa ya daina amfani da ita.

Ya ce, "Uwata, an ce akwai wuri a cikin abin nan da katafila ba ta zuwa."

Na ce akwai, Baffa.

"To ina son fili a can. Zan sa mutanen unguwar nan, gida gida. Wa ya zo, daga ina ya zo, me yake yi, ina aka binne shi."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na buɗe masa dandalin sada zumunta a wayata, na ce nan kowa yake. Ya sa tabarau ɗinsa mai ɗaure da zare, ya duba. Allah ya sa abin da ya fara faɗowa sanarwar rasuwar wani ce, ƙarƙashinta kuma tallan man bilicin. Ya miƙo mini wayar kamar ta ƙona shi. "A ƙarƙashin sunan mamaci? A'a."

Na gwada masa babbar manhajar da ake yin shafuka da ita, mai rumbun bayanai da kalmar sirri da maɓallai ko'ina. Tsohuwar ordinatar ta yi ta nishi. In reso, wato sabis ɗin intanet, ya yanke, komai ya tsaya. Baffa ya manta kalmar sirrin, muka sake wata, ya sake mantawa. Rannan ya rufe murfin mashin ɗin ya ce, "Wannan ba rubutu ba ne, bauta ce."

Daga nan ne na nemo wata 'yar ƙaramar manhaja da ba ta iya komai sai abu ɗaya. Kana rubuta rubutunka zalla a fayil, kowane mutum da nasa. A saman fayil ɗin ka sa suna da gida da garin asali. Ka tara su a dosiye ɗaya, wato jakar fayiloli. Gefe kuma akwai mazubi guda, wanda ya ce ga inda suna zai zauna, ga inda labari zai zauna. Sai ka buɗe baƙar taga ka rubuta umarni ɗaya, manhajar ta ɗebi kowane rubutu ta zuba a mazubin, ta fito maka da shafuka gamammu da jerin sunaye a gaba. Ba ta neman reso, ba ta neman kalmar sirri. In an gama, sai in kwashe shafukan a kile, 'yar filashin nan, in tafi da su makaranta, inda reso ke da ƙarfi, in ɗora a intanet.

Na yi zaton baƙar tagar za ta tsorata shi. Da na gama yi masa bayani ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Ashe aikinmu ne. Ka jera, ka ɗaure, ka danna." Daga ranar bai sake barin na rubuta umarnin ba. Da yatsa biyu yake bugawa, kuma sai ya yi bisimilla kafin ya danna. In rubutu ya gangaro a tagar babu ja, ya ce alhamdu lillahi ya kurɓi shayinsa mai citta. In ja ya fito, yawanci ya manta wata alama ce a saman fayil, sai ya ce, "Ta kama ni," ya koma yana bin layi da farce.

Shafin ba shi da ado ko kaɗan. Farin fili, baƙin rubutu. Na so in sa launi da hotuna masu motsi, ya hana. Ma'auninsa ɗaya ne: wayar mai tsiren bakin masallaci, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi. Duk abin da muka ƙara sai ya ɗauki sanda ya je can an buɗe masa ya gani. "Abin da bai buɗe a wayar mai tsire ba, ban so shi," haka yake cewa. Na ce mu sa wurin da masu karatu za su bar magana. Ya ce, "Mai magana ya zo ya zauna a tabarma, ya san gidana."

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne harufa masu lanƙwasa. Allon bugun namu na Faransanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Da ƙyar na koya masa yadda zai samo su. Ranar da muka fara gina shafukan kuwa, duk inda suke sai wasu 'yan akwatuna suka fito a madadinsu. Na ce mu bar lanƙwasar, kowa zai gane. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Uwata, in kika cire wa sunan mutum lanƙwasa, wani kika rubuta. Mutanen nan a takardun gwamnati an riga an lalata musu suna tun suna raye. Ni ma in lalata?"

Ya hana a ɗora komai sai da na gano layin da ya ɓace a mazubin. Layi ɗaya ne tak. Da harufan suka fito daidai ya kira Inna daga madafa ta zo ta gani, ita da ba ta karanta boko. Ta leƙa ta ce, "To, madalla," ta koma kan tukunyarta.

Akwai wata mata mai sayar da kunu a kusurwar layinmu. Daga can bayan Marwa ta gudo lokacin tashin hankalin da aka yi a arewa, da 'ya'ya biyu. Hausarta ta kasuwa ce, tana haɗawa da Fillanci. An kashe mijinta a gona, ba ta ga gawarsa ba, ba ta da ko hotonsa. Wata rana tana zuba wa Baffa kunu ta ce, "Baba, ni ma mutum nawa yana shiga?" Ya ce ta zo da la'asar. Dattawan majalisa suka ji, suka ce ai shafin na 'yan asalin unguwa ne, wannan jiya ta zo, mijin ma bai taɓa taka Yawunde ba. Baffa ya ce, "Mu da shekaranjiya muka zo?" Ya zauna da ita. Ta faɗi sunan mijin, da irin gerensa, da yadda yake tari in ya yi dariya, da raƙumin da ya taɓa cizonsa a kafaɗa. Baffa ya rubuta duka, har da cizon. Da aka ɗora, na buɗe mata a wayata. Ba ta iya karatu ba. Ta ce in nuna mata inda sunan yake. Na nuna. Ta ɗora yatsa a wurin ta daɗe ba ta ɗauke ba, har hasken wayar ya mutu a ƙarƙashin yatsanta. Ta ce, "Yanzu yana da wuri."

Da ma a nan labarin ya tsaya.

Wata sallah jikokinsa suka zo gaisuwa. Ya kira babbar, wadda ke gab da gama lise, wato sakandare, ya buɗe mata shafin gidansu da alfahari. Ta duba, ta ja ƙasa, ta dawo sama. Sannan ta ce, "Papi, c'est en quelle langue?" Wai wane yare ne wannan. Tana jin Hausa, da ita ake yi mata faɗa a gida, amma ba ta taɓa ganinta a rubuce ba. Ya ce, "Harshen da kika sha nono da shi ne." Ta yi dariyar kunya, ta yi ƙoƙarin haɗa layi ɗaya, ta kasa, wayarta ta yi ƙara ta fita. Baffa ya zauna yana kallon allon. Bayan sun tafi ya ce mini, "Wa nake rubuta wa, Uwata?" Na ce za mu fassara zuwa Faransanci, manhajar za ta iya ɗaukar harshe biyu. Ya girgiza kai. "In na fassara, tsohuwar da ta ba ni labari ba ita ke magana ba kuma." Ya yi makonni bai buɗe mashin ba. Da ya koma, ya daina zuwa wurin mai tsire ya duba.

Kuma masu ba shi labarin suna ta tafiya. Sau da yawa yakan je gida da sandarsa ya tarar an kafa rumfa. Ya dawo ya zauna ya ce, "Na makara." Ya buɗe fayil ya sa suna da gari, ya bar shi haka. Irin waɗannan fayilolin sun fi cikakkun yawa. Manhajar ba ta san bambanci ba, tana gina musu shafi kamar kowa: suna a sama, farin fili a ƙasa. Na ce mu ɓoye su sai an cika. Ya ce a bar su, a ga abin da muka yi asara.

Rigimar da ta fi ci masa rai kuwa a cikin gida ta tashi, tsakaninsa da Baba, mahaifina, wanda shi ne autansu. Mu dai mun tashi muna jin cewa kakanmu babban falke ne, ya zo daga Kano da jakunan goro da barori. Haka Baba ke faɗa a duk ɗaurin aure. Baffa ya rubuta shafin kakan, ya ce ba haka ba ne. Ya ce daga wani ƙauye yake can wajen Daura, ya biyo garken wani a ƙasa yana kora a ba shi abinci, ya iso Yawunde da riga ɗaya, ya yi shekaru yana kwana a zauren mutane yana dakon nama a ka daga mayanka, kafin ya samu teburin kansa. Wani ya karanta wa Baba a majalisa, a gaban surukansa.

Baba ya zo gidan Baffa ko sallama bai ƙarasa ba. Ina zaune a wurin.

"Yaya, ka tozarta mu. Ka sa ubanmu a duniya da tiren nama a ka."

"Auta, zauna."

"Ba zan zauna ba. Ka cire."

"Kai ba ka gan shi da tiren ba, ni na gan shi. Ni nake kai masa gammo in ya manta. Wuyansa har ya mutu bai miƙe daidai ba. Da wuyan nan aka sa ka a makaranta. Shi zan goge?"

"Mutum ya rufa wa kansa asiri shekara da shekaru, kai ka zo ka yaye?"

"Ba shi ya rufe ba. Mu muka rufe, don kunyarmu."

Baba ya juyo kaina. "Ke kuma, ke ce ke ɗorawa. In ni na haife ki, ki sauke shi."

Ban taɓa shiga tsaka mai zafi irin wannan ba. Baffa ya ga halin da nake ciki ya ce, "Kada ka sa yarinya a tsakani. Uwata, bi maganar ubanki." Na sauke shafin. Amma fayil ɗin yana dosiye, Baffa bai goge ba, bai canza kalma ba. Abin da ya yi kawai, ya ƙara sakin layi a ƙasa ya ce ga abin da ƙanena yake faɗa, ya kawo labarin goron da barorin yadda Baba ke ba da shi, bai yi masa ba'a ba. Ya aike ni in gaya wa Baba. Baba ya ce ba ya son ji.

Daga nan suka daina magana. Masallaci ɗaya, wani lokaci sahu ɗaya, a idar da salla kowa ya nemi takalminsa. Inna ta yi ƙoƙari, liman ya yi ƙoƙari. Baffa yakan tambaye ni, "Ƙafar ubanki ta yi sauƙi?" Baba kuma in na dawo ya ce, "Yana cin abinci kuwa?" In ce ku tambayi juna mana. Kowa ya kau da kai. Azumi biyu suka wuce a haka.

Ciwon ya same shi yana zaune gaban mashin, da rana tsaka. Inna ta ji faɗuwar kofin shayi. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye. Baba ya zo asibiti a guje, hula a hannu, ya durƙusa bakin gadon yana cewa, "Yaya, ni ne. Yaya, ka yafe mini." Baffa ya dube shi, bakinsa ya motsa, ya yi ta motsi, babu abin da ya fito sai iska. Ba mu san ko ya gane shi ba. Likita ya ce wataƙila. Bai sake magana ba har Allah ya karɓi ransa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya sa tambayoyin da za a yi masa su zo masa da sauƙi fiye da waɗanda ya bar mana.

Bayan an share makoki Inna ta ba ni mashin ɗin, na kawo shi gida. Wata Lahadi da hantsi ina zaune da shi a tsakar gida, Baba ya fito ya tsaya a kaina. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya jawo kujera.

"Na ubanmu yana ciki har yanzu?"

Na ce yana nan.

"Karanta mini."

Na karanta masa tun daga garken har teburin nama, har sakin layin da aka kawo maganarsa. Bai katse ni ba. Da na gama ya share fuska da hannun riga ya ce, "Mayar da shi. Ki cire nawa, ki bar na Yaya."

Na buɗe fayil ɗin zan gyara, sai na ga a sama, wurin garin asali, Baffa ya rubuta "wajen Daura", ya sa alamar tambaya a gefen sunan ƙauyen da bai cike ba. Na ce, "Baba, mene ne sunan ƙauyen? Baffa ya ce yana bakinsa, zai tuna."

Baba ya buɗe baki. Ya rufe. Ya dubi ƙasa, ya dubi bango, leɓunansa suna gwada wasu sunaye suna saki.

"Tsoho ya sha faɗa," ya ce. "Ni ba na saurare. Yaya ne ke saurare."

Ya yunƙura kamar zai tashi ya je wani wuri, ya kai rabi, sannan ya koma ya zauna.

"Wa zan tambaya?" ya ce.

Na bar wurin yadda yake, na buɗe baƙar tagar, na rubuta umarnin.